Malama Hurera Ta Gama Littafinta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni a ƙofar shago, ko kwaɗo ban gama buɗewa ba. Jamila ce ta kira, 'yar Malama Hurera. Abin da ta iya faɗi ke nan: "Yaya Sabo, Mama ta tafi." Sai wayar ta katse.

Na zauna a kan benci da makulli a hannu. Maƙwabcina mai shayi yana ta gaishe ni, wallahi ban san me na amsa masa ba.

An yi mata sutura a Bukuru kafin azahar. Yanzu na dawo Dutse Uku, ko gida ban shiga ba na zarce kafen intanet, domin akwai maganar da in ban faɗe ta yau ba za ta kwana tana cin raina.

Na ga wasunku sun fara rubutu a shafin nan. "Allah sarki baiwar Allah, ta rasu ba ta ƙarasa littafinta ba." Na san da kyakkyawar niyya kuka rubuta, na kuma san inda kuka jiyo maganar. To ku goge. Malama ta gama littafinta. Masu cewa ba ta gama ba, so suke su ƙarasa mata shi da abin da ta ƙi tun tana da rai, kuma ni ina nan.

Bari in fara daga farko saboda waɗanda ba su san ta ba.

Malamata ce a firamare, can Bukuru. Ita ta koya mini riƙe fensir, ita kuma ta fara ja mini kunne. Mahaifinta leburan kuza ne, a bakin ramukan nan da aka haƙe aka bari ta tashi. Har ta bar duniya ba ta taɓa ɓoye wannan ba, ta kan ma faɗe shi kafin a tambaye ta.

Da na gama sakandare ban samu ci gaba ba, na koma zaman majalisa, kullum muna gyara Najeriya da baki. Wata rana ta zo wucewa ta tsaya a kaina. Ta ce, "Sabo, har yanzu takardar kiran aikin ba ta iso ba?" Na ce tana hanya, Malama. Ta ce, "To tashi mu je ka jira ta a gaban keken ɗinki. In ta zo ta same ka a can."

Takardar har yau tana hanya. Keken kuwa ya yi mini aure, ya sa 'ya'yana a makaranta.

Rigar farko da na ɗinka tata ce. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wuyan ya karkace kamar an yi faɗa da shi. Ta saka abarta ta tafi makaranta, ba sau ɗaya ba, zangon karatu guda tana yawo da ita. Duk wanda ya kalle ta sai ta ce, "Ɗalibina ne ya ɗinka, yana Dutse Uku, ku kai masa." Ni kaina ina hango ta nake sauya hanya don kunya.

In ta shigo gari ba ta zuwa hannu rabbana. Wani lokaci dankali a leda, wani lokaci gwate, faten nan namu na Jos, a ƙaramar kula, ta ajiye mini a kan tebur ta ce in ci kafin ya huce, ita ba ta da lokacin surutu. Sannan ta zauna ta yi surutun har la'asar.

Rubutu ta fara shi tun tana koyarwa, amma da ta yi ritaya ne ta ba shi ƙarfi. Ba ta rubuta masu gidan sama da motoci. Matan lambu take rubutawa, waɗanda ke noman rani a bakin tsofaffin ramukan kuza. Manoman acca. Mutumin da ya noma dankali ya cika ɗaki, hanya ta lalace, ya zauna yana kallon guminsa yana ruɓewa. Ba ta sa musu kwalliya, ba ta kuma sa su kuka don mai karatu ya ji daɗin tausayinsa.

Ta taɓa kai rubutun nata wajen wani mai sayar da littattafai a kasuwa. Ya juya, ya juya, ya ce, "Hajiya, ai babu soyayya a ciki, wa zai saya?" Ta ce, "Akwai. Kai ne ba ka gane ta in ta ɗauko daro a ka." Ta karɓe abinta.

Daga nan ta biyo shagona da takardu a jaka. Ta ce, "Keken nan naka yana ɗinka takarda?" Na ce ban taɓa gwadawa ba. Ta ce yau za ka gwada.

Haka muka fara. Wata tsohuwar ɗalibarta mai shagon kwamfuta ta buga, a yi foto kwafi, mu ninke takardun gida biyu, in sa allurar da nake ɗinka jins da ita in bi tsakiya da zare mai kauri. Bango kuwa kwali ne, irin wanda ke zuwa cikin sabuwar shadda. Allurai nawa na karya, Allah kaɗai ya sani. Duk wadda ta karye sai Malama ta ce, "Ta yi shahada a hanyar ilimi."

Direbobin bas na Bukuru su ke kai mana ƙauyuka ranar kasuwa. Ana karanta su a Islamiyyar matan aure, ana karanta su a taron mata na coci, ana karanta su a gindin bishiya in rana ta yi zafi a lambu. A lokacin da garin nan ya rikice, mutum na tsoron tsallaka unguwar da ba tasa ba, littattafan Malama ba su daina tsallakawa ba. Ita ma ba ta daina ba, duk faɗan da muka yi mata.

To ana nan sai wata ƙungiya ta ji labarinta, irin masu farar jip ɗin nan. Ba zan faɗi sunanta ba, ba kuma zan faɗi sunan ogansu ba. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe ta, kuma ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ya ce sun ji tana kan sabon littafi, za su buga mata shi kyauta, takarda mai sheƙi, a raba har Abuja.

Malama ta yi murna. Kada wani ya ce muku ba ta damu ba. Ta yi murna har ta kira ni tana tsokanata, wai in shirya, an kusa sallamata daga aiki.

Sabon littafin a kan wata mata ta gina shi, ƙawarta ce ta shekaru, Ngo Chundung, mai lambu a bayan Bukuru. In ba ka san ƙasar wajen ba ba za ka gane aikin matar nan ba. Ƙasa ce ja wadda masu haƙar kuza suka juye cikinta waje, ko ciyawa ƙyamarta take. Ngo Chundung ta yi shekaru tana zuwa bola a cikin gari, tana tankaɗe toka, tana kaiwa tana zubawa, har wajen ya koma yana ba da kabeji da karas da latas. Da daro a ka ta fara, kafin ta kai ga hayar akori-kura.

Suka ce suna son hotonta a bangon littafi. Ni na ɗauki Malama a babur muka je.

Mun tarar Ngo Chundung ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta kafa ɗauri, ta sa takalminta mai rufi. Ta je tsakiyar kabejin nan, kore shar, ta tsaya ta riƙe ƙugu.

Mai hoton ya duba ta cikin kyamara ya sauke. Suka yi ƙus-ƙus da oga. Sai ya matso ya ce, "Mama, don Allah ko za ki sauya kaya? Ki sa na aiki, waɗanda suka ɗan tsufa. Takalmin ma a cire. Sannan ki dawo nan." Ya nuna mata can gefe, inda jar ƙasar take tsirara, inda ba ta kai ga gyarawa ba tukuna.

Ngo Chundung ta dubi Malama. Ta ce, "Malama, wannan yaro ya ce in cire takalmi. Takalmin shi ne? Da kabeji na na saya. Wannan ƙasa ya mutu, ni na tashe shi, yanzu ya ce in je in tsaya a wurin da ban yi aiki ba?"

Oga ya shiga bayani a hankali. Wai masu ba da tallafi sai sun ga buƙata suke motsawa. Wai don amfanin matan ne. Sannan ya ƙara da cewa in Malama ta zo ƙarshen labarin, zai yi kyau a nuna taimako ya iso, injin ban ruwa da taki, don mai karatu ya samu kwanciyar hankali.

Malama ba ta yi hayaniya ba. Hannu kawai ta miƙa ta ce, "Ɗana, ba ni takarduna."

Ya ba ta. Ta sa a jaka, ta ce da ni in tayar da babur.

A hanya na ce, Malama, ko da an ɗan lallaɓa su? Dama irin wannan ba kullum take zuwa ba. Ta daki kafaɗata ta ce, "Kalli gabanka kada ka zubar da ni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ni kuwa ba da kan Chundung zan koyi aski ba."

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da rubutunta a hankali, ciwo na cin ta, tana cin takarda.

Ganina da ita na ƙarshe a Daɗin Kowa ne, gidan Jamila, inda aka dawo da ita jinya. Da yamma na je. Ta rame ƙwarai, amma bakin nan yana nan yadda na san shi. Ina shiga ta ce, "Ga sarkin karya allura." Ta nuna mini takardu a gefen filo ta ce in karanta mata shafukan ƙarshe da ƙarfi, idonta ba ya gani sosai, tana son ta ji yadda suke a kunne.

Matar cikin labarin Talatu ta sa mata suna. Mijinta ya tafi birni leburanci, aike ya yanke. Ta tashi matacciyar ƙasa da toka, kabeji ya naɗe, saura kaɗan a yanka, sai ruwan farko ya zo da ƙanƙara. Ku 'yan Jos kun san abin da ƙanƙara ke yi wa lambu. Kafin magariba komai ya zama tsumma.

Talatu ta zauna a bakin ramin ta yi kukanta har ya ishe ta. Washegari ta tashi, ta duba ɗan irin da ta ɓoye a kwalba, ta ɗauki daro da rariya. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga ta ce ta jira ta, tare za su. A bakin ƙofa Talatu ta juya ta ce wa 'yarta ta rufe ƙyauren kada awaki su shiga.

Nan rubutun ya tsaya.

Na ɗago. Malama tana kallona tana murmushi. Ta ce, "Na gama, Sabo. Alhamdu lillahi."

Ta ɗan huta, sannan ta ce, "Za su ce ban gama ba. Za su juya shafi suna neman mota. A ƙauyen da na sani, in ƙanƙara ta yi ɓarna, washegari tashi ake yi. In mota ta zo, sannu da zuwa, a ba direba ruwa ya sha. Amma ba da alƙalamina za a koya wa yarinya zaman jiranta ba."

Na ce in sha Allah tare za mu ɗinka shi. Ta ce, "Kai dai ka sayi allura."

Da zan tafi ta sa Jamila ta zuba mini kunun acca a gora, wai in kai wa yara. Ban san sallama ke nan ba.

Yanzu ga abin da ya faru yau.

Bayan an dawo daga maƙabarta muna zaune a ƙofar gida, sai ga farar jip. Oga ne. Ya yi ta'aziyya yadda ya kamata, har idonsa ya kawo ruwa, kuma na yarda ba na ƙarya ba ne. Ashe lokacin jinya ya je dubiya, Jamila ta ba shi kwafi ya karanta, ita a ganinta alheri take nema wa mahaifiyarta.

Ya nemi a kira Jamila zaure. Ni ma aka kira ni. A gaban mutane ya ce, "Na karanta littafin Mama. Aiki ne babba. Abin baƙin ciki ajali ya katse ta, saura babi ɗaya. Muna da marubuci da zai ƙarasa shi da mutunci, yadda taimako zai iso wa Talatu. Za mu buga shi don girmama ta, sunanta da manyan baƙaƙe."

Mutane suka hau sa masa albarka. Daga nan maganar "ba ta ƙarasa ba" ta fito, kafin la'asar har ta iso shafin nan.

Ku fahimce ni. Mutumin nan ba ƙarya ya shirya ba. Da gaske ya ɗauka littafin yankewa ya yi. Ya karanta mace ta tashi da safe ta ɗauki daronta, bai ga ƙarshen labari a nan ba, saboda a duniyarsa labarin talaka ba ya ƙarewa sai wani ya sauko daga mota. Wannan ne ma ya fi ƙona mini rai.

Jamila ta ja ni gefe, idonta ya kumbura. Ta ce, "Yaya Sabo, ina son in ga sunan Mama a littafi na gaske. Wanda za a jera a kanti. Ba mai zare a tsakiya ba."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Zaren nan nawa ne. Amma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Yarinyar nan ta tashi tana ganin uwarta na ninke takarda a tabarma, wasu da ba su kai ta ba ana kiransu a rediyo. Wa zai ƙi wa mahaifiyarsa wannan?

Na ce mata ni ba ni da iko, ke ce magajiya, abin da kika yanke shi za a yi. Abu ɗaya kawai na sani, kuma amana ce in faɗa.

Ta ce, "Da kunnenka ka ji ta ce ta gama?"

Na ce da kunnena. Kina kicin kina dama mata kunu.

Ta goge fuska da bakin mayafi. Ta koma zaure, ta durƙusa ta yi wa oga godiya har sau nawa, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, mun gode da karamci. Amma Mama ta gama. In za ku buga shi yadda ta bar shi, bismilla. In sai an ƙara, a bar mana kayanmu."

Ya ce zai yi magana da na sama da shi. Daga yadda ya faɗa na san amsar.

Kafin in taho Jamila ta fito da takardun a baƙar leda ta damƙa mini. Ga su nan a kan cinyata ina wannan rubutu, na ƙi ajiye su ko a kan teburin kafe.

Don haka ga abin da nake nema a wajenku, kuma ba gudunmawa ba ce, kada wanda ya turo mini komai. Gayya za mu yi, yadda muka saba. Bayan addu'ar bakwai, duk wanda Malama ta taɓa koyarwa, ko ya taɓa karanta littafinta a lambu ko a aji ko a bayan bas, ya zo shagona a Dutse Uku. Mai iya buga kwamfuta ya zo. Mai iya ninke takarda ya zo. Teloli 'yan'uwana, kowa ya taho da allurarsa, tawa ba za ta isa ba. Direbobin Bukuru, na san ba kwa shiga nan, wanda ya gan su ya isar musu.

Kayan mutane da ke hannuna kuwa, ku yi haƙuri, za su ɗan jira. Wanda ya matsu ya zo ya karɓi yadinsa, ba zan ji haushi ba.

Littafin zai fito da zare a tsakiya da bangon kwali. Zai ƙare a bakin ƙofar Talatu, ba za a ƙara masa ko wasali ba. Wanda ya karanta ya ji kamar da saura, to sauran nasa ne, ya tashi da safe ya je ya yi.

Ni dai na yi rashi. Na yi rashin uwa, na yi rashin mai faɗa mini gaskiya ba tare da ta tambayi ko ina so ba. Tun safe nake daurewa a gaban mutane, a nan kafe ne abin ya ci ƙarfina, yaron da ke kusa da ni sai satar kallona yake.

Ya Allah, ga baiwarka Hurera ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka sa duk harafin da ta koya wa yaro da duk matar da ta ƙi bari a wulaƙanta su zame mata haske. Ka ba Jamila da sauran iyali haƙuri da dangana.

Ku da kuka karanta har nan, Musulminku da Kiristanku, don ta koyar da 'ya'yan kowa, ina roƙon ku sa ta a addu'a, kowa yadda ya iya. Ita ta gama nata aikin. Allah ya ba mu ikon gama namu.